Ƙwan Da Ya Ƙi Mutuwa

Lantarki ya taɓa jan Sha-Wuta a zamanin da yake gyaran wutar manyan motoci. Ya ɗaga shi sama ya maka shi da ƙasa, mutumin ya tashi ya kakkaɓe riga ya tambayi inda sukundirebarsa ta faɗi. A nan ya samo sunan. Mota ta kife da shi a gangare, jama'a na salati, shi kuwa ya fito ta taga yana faɗa wa direba abin da ya lalace. Wani likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya ce ba zai ga damina mai zuwa ba. Ranar jana'izar likitan, Sha-Wuta yana sahun gaba. Bai taɓa ɗora ɗuwawunsa a bencin makaranta ba. Ɗan karatun da ya iya a jikin kwalayen kayan gyara ya tsince shi, baƙi bayan baƙi, kuma har gobe ba a haifi mai digirin da zai haɗa wayar mota da ido a rufe kamar shi ba.

To irin wannan namijin ne yau yake zaune kan kujerar roba a gaban tsohon firji, ya rasa gabas ya rasa yamma.

Ga yadda abin ya faro. Mai ɗakinsa ta rasu bara, ta bar masa ɗaki shiru da agwagi biyu, mace da toro. Toron shi ne Alƙali, sunan da marigayiyar ta sa masa saboda tafiyar ƙasaita da yawan hukunta ƙafafun baƙi. Macen kuwa karen wani gida ya tsallako ya kashe ta tana tsakiyar kwanci, ta bar ƙwai goma sha ɗaya da ɗuminsu. Waɗannan ƙwai su ne ƙarshen irin da mai ɗakinsa ta yi shekaru tana kiwo. In suka lalace, shi ke nan, sai Alƙali ya tsufa shi kaɗai kamar mai gidansa.

Maƙwabcinsa, wani malamin lissafi mai son taɓe-taɓen wayoyi, shi ya kawo ɗauki. Ya mai da tsohon firjin ya zama uwa: ya sa ƙwan lantarki a ciki don ɗumi, ya liƙa wani ɗan allo da bai fi akwatin ashana ba, wanda ke auna zafi ya kunna ƙwan ko ya kashe shi, sannan ga 'yar taga a ƙofa mai nuna lambar zafin. Ana cikin haka aka yi wa malamin canjin wurin aiki zuwa wani lungu da waya ba ta shiga. Kafin ya tafi ya bar masa tsohuwar kwamfuta, ya ɗora yatsa kan layi ɗaya a cikin rubutun umarnin da ɗan allon yake bi.

"Baba, in sanyi ya shigo, ka mai da biyar ɗin nan takwas, ka jona wannan igiya, ka danna nan. In ka rikice, na sa ka a Rumfar 'Yan Gwaji a wayarka. Mutane ne masu yin irin wannan don sha'awa bayan sun tashi aiki. Suna son sababbi."

"Ni zan rikice?" in ji Sha-Wuta. "Yaro, na gyara motar da Bature ya ce a ƙone."

Sanyi ya shigo. Sha-Wuta ya buɗe kwamfuta, ya nemo layin, ya mai da biyar takwas da yatsa ɗaya, ba gargada. Sai ya hango wani ɗan ɗigo maƙale tsakanin lambobin, kamar kashin ƙuda. Ya goge da hannun riga, bai fita ba. Shi kuwa mutum ne da bai taɓa mayar wa mai mota da motarsa da datti ba. Ya danna maɓallin sharewa, ɗigo ya tafi, lambobi suka matso kusa da juna tsaf. Ya jona igiya ya danna inda aka ce.

Tun daga lokacin ƙwan lantarki ya ƙi mutuwa. Lambar da ke 'yar taga ta yi ta hawa. Da ya sa hannu a firjin ya ji kamar bakin tanda, sai ya yanke wayar ƙwan ya sa mata makunni, aikin da ya yi kafin ƙiftawar ido. Amma fa daga nan ya zama bawan makunni. Zafi ya hau, ya kashe. Zafi ya sauka, ya kunna. Ba majalisa, ba kasuwa, ko ban ɗaki da gudu yake zuwa, barci kuwa sai dai gyangyaɗi irin na kaza. Da ya ga idonsa ya fara ganin firji biyu, ya ɗauko waya ya shiga Rumfa.

Ya yi abin da duk ɗan halak yake yi in ya shiga rumfar mutane. Ya rubuta sallama, ya ajiye waya a cinya yana jira.

Amsa ta zo tun bai ɗauke hannu ba, daga wani mai suna Mai Gadi: "Barka da zuwa Rumfa! Kada ka nemi izinin tambaya, yi tambayarka kai tsaye. Dokokinmu suna sama."

Sha-Wuta ya ji daɗi. Ga yaro mai hanzari. Ya rubuta: "Barka kadai. Ina gajiya, ina iyali?"

"Barka da zuwa Rumfa! Kada ka nemi izinin tambaya, yi tambayarka kai tsaye. Dokokinmu suna sama."

Ya dubi wayar, ya dubi silin. Ko kurma ne? Ya sake gaishe shi, a hankali wannan karon, har da tambayar ya aiki. Amsar dai ita ce, ko waƙafi bai canza ba.

Sai wani mai suna Sifili ya sa baki: "Malam, Mai Gadi ba mutum ba ne. Yi tambayarka."

Nan ran Sha-Wuta ya ɓaci. Ya san irin waɗannan, masu shiga ofis su wuce mai gadi kamar sun wuce turke. Ya danna wurin magana ya zuba musu nasiha mai tsawo: cewa talaka ma mutum ne, cewa a duk rumfar nan wannan bawan Allah kaɗai ya amsa masa gaisuwa, cewa shi da ake gani ya ci abinci kwano ɗaya da masu gadi ya kuma ga ƙarshen masu kuɗi. Yana sakin yatsa saƙon ya ɓace. Mai Gadi ya rubuto: "An cire saƙon murya. A rubuta, don masu zuwa baya su amfana."

Wanda ya tsaya wa, shi ya kore shi. Sha-Wuta ya tashi ya kashe makunni, ya dawo ya zauna. Duniya ke nan.

Ya daure ya rubuta tambayar. Ta ɗauke shi lokaci, don baƙaƙen wayar ƙanana ne, yatsansa kuma yatsan mai aiki ne. Da ya gama ya karanta ta, ya ga ko alƙali ba zai nemi ƙari ba:

"Ƙwaina ya ƙi mutuwa. In bai mutu ba ƙwaina zai mutu. A taimaka."

Sai fuskokin dariya suka fara zubowa kamar ƙanƙara.

"Kacici-kacici ne? Na ba ka gari."

"Wannan falsafa ce, ba nan ne rumfarta ba."

Wata mai suna Gwaggon Batir ta tsawata musu: "Ku bar shi mana, kowa da ranar farkonsa. Bawan Allah, ƙwai nawa ne gare ka?"

Ga mai hankali. "Goma sha ɗaya," ya rubuta.

"Kai! Duk a kan ɗan allo ɗaya? Ina ka jera su?"

"A tire, kan auduga."

"Auduga?" in ji Sifili. "Gobara kake nema? Raba su da auduga yanzu!"

Sha-Wuta ya leƙa firji. Ƙwai suna kwance lafiya kan audugarsu, yadda mai ɗakinsa take yi wa na kaji in uwa ta gudu. A ina aka taɓa jin ƙwan agwagwa ya ta da gobara? Amma masu ilimi ne, wataƙila akwai abin da aka gano bayan zamaninsa. Ya kai hannu zai janye audugar, ya fasa, ya sake kai hannu, ya fasa.

Wani ya ce: "Cire ɗaya ka girgiza kusa da kunne. In ka ji ƙara, ya ƙone."

Ya ɗauki ƙwai ɗaya, mai ɗan zane-zanen fensir da yake yi don ya san gefen da ya juya. Ɗumi ya ratsa tafin hannunsa. Ya kai shi kusa da kunne, ya tsaya. A'a. Ko Bature ne ya rubuta wannan a littafi, ba za a girgiza jikan mai ɗakinsa ba. Ya mayar da shi a hankali.

"Turo kod ɗinka," in ji Sifili.

Malamin lissafi bai taɓa ambaton wani kod ba. Sha-Wuta ya duba bayan firji, ya duba ƙarƙashin kwamfuta. Daga ƙarshe ya ɗauki hoton kwamfutar gaba ɗaya daga nesa, don kowane ne kod ɗin ya fito a ciki. Abin da ya fito shi ne hasken taga da inuwar hularsa.

Wani kuma, da ba a tambaye shi ba, ya rubuto: "Ni dai irin wannan haɗin a wurina yana aiki."

Sha-Wuta ya daɗe yana juya wannan magana. A wurinsa yana aiki. To madalla. Shin gayyata ce, ya ɗauki firji ya kai gidansa? Ko irin mutanen nan ne da za ka ce musu kanka na ciwo su ce nasu lafiya lau? Kafin ya yanke hukunci, mutum biyu sun kama faɗa a kan wane irin ɗan allo ya fi, wani ya ce wanda malamin ya saya na yara ne, wani ya ce mai faɗin haka bai taɓa haɗa ko tocila ba. Saƙonni suka yi ta gudu, tambayarsa ta haye sama ta ɓace kamar hayaƙi. Ya kunna makunni. Ya kashe makunni.

Can sai Sifili ya dawo kansa: "Malam Sha-Wuta, ba mu gane tambayarka ba, kuma ina jin kai ma ba ka gane ta ba. Je ka yi wa agwagwa bayani tukuna, daga farko, layi-layi. Sannan ka dawo."

Manyan yatsu suka yi ta ɗagowa a ƙarƙashin maganar. Har Gwaggon Batir ta ce: "Wallahi gwada, ni kullum sai na yi."

Bai ambaci agwagwa ba. Ya koma sama ya bi duk abin da ya rubuta da yatsa: babu agwagwa. Ya leƙa tsakar gida, ga Alƙali yana tsaye bakin kwatami yana kallonsa da ido ɗaya. Ya juya wayar ya duba ɗan idon da ke bayanta, ya kife ta a kan cinya. Ko dai zagi ne? A garejinsu in an ce wa yaro ya je ya faɗa wa taya, an sallame shi ke nan. Amma wace irin mace ce za ta yi rantsuwa cewa kullum tana hira da agwagwa?

Ya kira 'yarsa, mai sunan mahaifiyarsa, wadda ke aikin jinya a wani gari.

"Uwata, in mutum ya ce ka je ka yi wa agwagwa bayani, me yake nufi?"

"Baba, ka ci abinci kuwa?"

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

"Wa ya faɗa maka haka? Mutanen wayar nan ne ko? Ba'a suke maka, Baba. Ka fita daga cikinsu. Muryarka ma ta nuna ba ka barci. In agwagi kake so, ranar hutuna zan sayo maka 'yan tsaki a kasuwa, kyawawa."

"Na kasuwa ba na uwarki ba ne."

Ya ji ana kiranta daga nesa, ya ji ƙarar keken marasa lafiya.

"To Baba," ta ce a hankali, "ka yi wa Alƙali bayanin mana. Inna ma ai tana yi masa magana."

Ya ɗaure ƙofar gida da sakata, don kada wani ɗan majalisa ya leƙo ya samu labarin shekara. Ya jawo kujerar zuwa bakin ƙofar ɗaki inda zai iya hango 'yar tagar firji, ya ɗora kwamfuta a gwiwa, ya watsa ɗan hatsi. Alƙali ya taho da tafiyarsa ta wanda ba a hanzarta shi.

"Zauna," in ji Sha-Wuta. Alƙali bai zauna ba. "To tsaya. Kai dai ba ka san komai ba, don haka daga tushe zan ɗauko maka. 'Ya'yanka ne a cikin akwatin can. Wannan rubutun shi ne yake gaya wa ɗan allo abin da zai yi. Ni ma ba duka nake karantawa ba, amma na fi ka."

Alƙali ya ci hatsi.

"Nan, in ji malam, ana tambayar zafi nawa ne. Nan kuma ana cewa, in zafi bai kai wannan lamba ba, kunna ƙwai. Ba ƙwanka ba, ƙwan wuta." Ya tsaya. Ya maimaita a ransa: ba ƙwanka ba, ƙwan wuta. Wani abu ya motsa a bayan kansa game da auduga da gobara, amma bai kama shi ba tukuna, ya ci gaba. "In ya kai lambar, kashe. To lambar ita ce wannan. A da uku da bakwai da biyar ce, na mai da biyar takwas, yadda aka ce. Aiki mai tsabta. Har ma na share wani ɗan datti da ke tsakanin..."

Alƙali ya ɗago kai, ya karkata shi gefe.

Sha-Wuta ya dubi kwamfuta: uku, bakwai, takwas, a manne. Ya ɗaga ido ya dubi 'yar tagar firji: uku, bakwai, sai ɗan ɗigo ja yana haske, sannan wata lamba. Kullum yana kallon wannan taga, bai taɓa lura ƙudan ya bi ta nan ma ba. Ƙuda kuwa ba ya kashi mai haske.

"Kada ka kalle ni haka," ya ce wa Alƙali. "Kai ma kana nan aka yi."

Ya ɗauki waya. Wannan karon bai yi sallama ba, abin da ya dame shi har cikin ƙashi.

"Tambaya. Ɗigon da ke tsakanin lamba yana da aiki? Na cire shi. Ƙwan wuta ne ya ƙi mutuwa. Ƙwan agwagwa ne zai mutu."

Ya buɗe firji ya ɗauki hoto, ƙwai a jere kan auduga, ƙwan lantarki a sama, Alƙali ya cuso kai ta gefe.

Rumfa ta kama da wuta, irin wadda auduga ba ta jawo ba.

"Ƙwai na gaske!"

"Jama'a, agwagwar GASKE ya yi wa bayani!"

"Wanda ya ce a girgiza, fito ka nemi gafara."

"Na tuba, Baba, don Allah ka ce ba ka girgiza ba."

Gwaggon Batir ta rubuto da sauri har baƙaƙenta na tuntuɓe: "Baba, ɗigon nan shi ne komai. Ka ce masa ya kai zafi ɗari uku da saba'in da takwas, shi kuma yana ta ƙoƙari. Mayar da shi tsakanin bakwai da takwas."

Sifili, wanda ɗazu kalmominsa suke kamar an auna da cokali, shi ya zauna da shi. Ya nuna masa inda maɓallin ɗigo yake, ya koya masa ɗaukar hoton rubutu daga kusa, ya sa shi ƙara layi biyu waɗanda za su kashe ƙwan wuta ko da wani, ba a ce wane ba, ya sake share wani abu. Sha-Wuta ya jona igiya ya danna. Ya bar makunni a kunne, ya naɗe hannu. Lamba ta hau, ta hau, ta kai inda aka ce mata. Ɗan allo ya yi ƙas. Ƙwan wuta ya mutu.

Bai taɓa murnar mutuwar wani abu haka ba.

"Baba, ka yi haƙuri da maganar agwagwa," in ji Sifili. "Al'adarmu ce. In ka yi wa wanda bai san komai ba bayani, kai da kanka kake jin inda ka kauce. Ga tawa."

Ya turo hoton wata 'yar agwagwa rawaya, ta roba, zaune gefen kwamfuta. Sai sauran suka fara turo nasu: mai hula, mai tabarau, wata har da rawani na tsumma. Manyan mutane, wasu da furfura a hotonsu. Sha-Wuta ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya rasa ko ya yi dariya ko ya yi musu addu'a. Waɗannan ne suka yi masa dariya ɗazu? Kuma su ne yanzu suke tambayarsa kowace safiya ya ƙwai suka kwana, wani yana cewa ya sa kwanon ruwa a ciki, wani yana cewa kwano biyu, har suka sake kama faɗa. Ya gaishe da Mai Gadi don ya ga ko ya huce. Mai Gadi ya yi masa barka da zuwa.

Ranar da ƙwai suka fara fashewa, da hantsi ne. Ba duka suka fito ba. Zafin kwanakin farko ya ci wasu, ya binne su a gindin bishiyar da mai ɗakinsa take shanya. Amma fiye da rabi sun fito, jiƙaƙƙu, suna layi kamar 'yan maye, ɗaya da baƙin tabo a ka irin na uwarsu sak. Ya tura wa 'yarsa hoto, ta kira tana kuka tana dariya. Ya tura wa Rumfa, ya rubuta a ƙasa cewa shi da Alƙali ne suka gano matsalar, amma 'yan Rumfa ma sun yi ƙoƙari daidai gwargwado. Ba wanda ya musa. A majalisa kuwa labarin ya ɗan ƙara tsawo: yanzu kwamfuta ma ta shiga jerin abubuwan da suka gwada shi suka bari, bayan lantarki da likita.

Ana nan sai wani sabo ya shigo Rumfa. Ya yi sallama ya tsaya. Mai Gadi ya karanta masa abin da ya saba. Sabon ya ce, "Na gode, ya gida?"

Sha-Wuta ya ajiye kwanon tsaki ya goge hannu a riga. Ya amsa sallamar cikakkiya, ya tambaye shi gajiya da iyali da sanyi. Sannan ya rubuta:

"Kada ka damu da Mai Gadi, haka halinsa yake, amma ba shi da mugunta. Mutanen nan za su yi maka dariya, daga baya su taimake ka, ban san dalilin da ba sa farawa da na biyun ba. Faɗi abin da ya kawo ka. In ƙwai ne, ka faɗi wane iri. Kuma kana da agwagwa?"

"A'a, Baba. Ana buƙata ne?"

Sha-Wuta ya dubi tsakar gida, inda 'yan agwagi ke bin Alƙali shi kuma yana yi kamar bai san su ba.

"Su dai ta roba suke amfani da ita," ya rubuta. "Ban san yadda take ji ba. In ta gaske kake so, ka bari nawa su yi ƙwari."